Yayen da Na Ce Gwamnati Ta Hana

Tun da na dawo daga Abuja ƙofar ɗakina ba ta huta da sallama ba. Wasu sun zo yi mini sannu da hanya tsakani da Allah, wasu tsaraba ce ta kawo su, amma mafi yawa sun zo ne su leƙa bayana su ga ko da yaro. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Hajiya Mairo, ina angon naki? Ba ke kika cika mana baki cewa da shi za ki dawo ba?" Ni kuma amsa ɗaya nake bayarwa, cewa gwamnati ce ta hana. Sai a riƙe haɓa, a yi salati, a ce wannan zamani har yayen jika sai da izinin hukuma. To na gaji da maimaitawa, kuma abin da nake faɗa ɗin rabin zancen ne. Tun da Allah Ya sa na yi yaƙi da jahilci hannuna yana iya riƙe alƙalami, bari in zuba shi gaba ɗaya, mai karatu ta karanta wa marar yi.

Jummai ita ce 'yata ta fari. Ba sunanta na yanka ba ne, kun dai san uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Tana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, mijinta Kabiru kuma yana tare da masu gine-gine, suna zaune a Dutsen Alhaji. Malam, maigidana, ya rasu tana da tsohon ciki, da ta sauka namiji sai aka mayar masa da sunan, ake ce masa Abba. Ni kuwa Maigida nake ce masa. Tun daga ranar suna nake jiran ya isa yaye, domin a wurinmu kaka ce take zuwa ta goya yaro ta tafi da shi har ya manta da nono. Wani a mayar da shi in ya manta, wani kuma, musamman ɗan fari, tafiyar ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, ni irin ta biyun nake so. Gidan ya yi mini faɗi, 'ya'yana maza suna Kano da Legas, auta ta yi aure, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba awaki ba.

Na je wurin mai wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin tasharmu ta Rano, ya kira mini ita, na ce ta shirya mini mijina ina nan zuwa. Sai da na sake maimaita mata. Can ta ce, "To, Yaya, Allah Ya kawo ki lafiya." Yaya take ce mini, yadda ta taso ta ji ƙannen ubanta suna kirana.

Kayan da na ɗauka kuwa sai ka rantse ƙaura zan yi: gero, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu a gora, rubutun yaye da liman ya yi mini a 'yar kwalba, da wani jan zakara da na ware don sadakar yayen. A Kwanar Ɗangora na samu motar Abuja. Direban ya cusa mu huɗu a baya kamar ƙunshin goro, ya ce zakara sai dai but. Na ce zakaran da na yi kiwo da hannuna ba zai mutu a cikin hayaƙi ba, a cinyata zai zauna. Kusa da ni wani Alhaji ne mai shagon atamfa a Abuja, mai fara'a da yawan zance. Tun daga Zariya yake ba ni labarin garin, wai yanzu da farar hula suke mulki kuɗi ya saki jiki, filin da ka saya da azumi kafin babbar salla ya ninka, wai har mai wankin mota yana da waya biyu. Yana cikin nuna mini girman arzikin da hannu zakarana ya yi masa aika-aika a kan farar shaddarsa. Na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa ya dubi rigar ya ce, "Ba komai Hajiya, ai wannan ɗan Rano ne, bai yarda da labarin ba."

A Tafa muka tsaya cin abinci da salla. Nan na fara ganin mun bar gida, don tuwon da aka miƙo mini sakwara ce da miyar agushi, ga doya jibge a bakin titi kamar itacen girki. Na ci kaɗan, na sha ruwan leda, na ba zakara sauran.

Masu cewa babu iyaka tsakanin Rano da Abuja ba su taɓa tsayawa a Zuba ba. Nan motarmu ta ce ga garinku, wai irinta ba ta shiga ciki, sai mai koren fenti. Ga wannan ƙaton dutse yana kallon mutum, ga matan Gwari suna wucewa da kaya niƙi-niƙi a kafaɗa maimakon ka, ga Hausa ana yi amma an kwance mata zane, mace a ce mata "kai", namiji a ce "ta zo". Wani mai kaki ya tare ni ya ce ina takardar zakara. Na ce, "Ɗan nan, ni kaina ba ni da takarda, balle shi." Ya yi dariya ya ce, "Mama, wuce, Allah ya kiyaye." Alhaji mai atamfa bai tafi ba sai da ya sa ni a mota ya gaya wa direba inda zai sauke ni. Allah Ya saka masa, ko sunansa ban riƙe ba.

Ni da nake zaton duk Abuja bene ne da fitilu, sai ga ni a Dutsen Alhaji, lungu kan lungu, gidaje sun hau jikin dutse, kwata tana bin tsakiyar hanya, 'yan ga-ruwa suna tura kura. Gidan su Jummai ciki biyu da falo ne, a jere da na wata Bayarabiya da na wani ɗan Benuwai, kowa da janaretonsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne banɗaki a cikin ɗaki, ƙofarsa tana kallon falo. Yaya za a yi suruka da suruki su yi zaman mutunci a irin wannan gida? Kabiru, bawan Allah, sai ya koma fita tun da asuba da butarsa, abincinsa ma a mota yake ci. Ni kuma in zan shiga sai na leƙa ta labule kamar mai satar nama.

Amma duk wannan na manta da shi da na ga Maigida. Goshin Malam ne sak, da kunnuwan nan masu ɗan buɗewa, har yadda yake tattara gira in bai yarda da mutum ba. Na ce, "Zo nan, mijin banza, ka bar ni a Rano ba cefane ba labari." Ya maƙale a bayan kujera yana leƙena. Zakara ne ya sasanta mu, don da ya ga ina ba shi gero sai ya matso, kafin magariba yana cinyata yana wasa da carbina. Jummai kuwa ko kallonsa ba ta yi a gabana. In ya yi kuka sai ta ce, "Yaya, ga shi can yana yi miki rigima," ta shige kicin. Na ce a raina, madalla, yarinyar nan boko bai cire mata kunya ba.

Washegari da safe sai na ga ana shirya shi kamar mai zuwa aiki: wanka, riga da wando, takalmi, har da 'yar jaka. Na ce ina za shi? Jummai ta ce gidan reno. Nan ta zauna ta yi mini bayani, kanta a ƙasa. Wai matan ma'aikatarsu ne suka yi ta kai kuka cewa ba su da inda za su bar 'ya'yansu, ga gidajen reno na 'yan kasuwa sun fi ƙarfin albashi, har aka buɗe musu guda a harabar ofis. Gwamnati take biyan kaso mafi tsoka na kuɗin, ɗan abin da ya rage a cire a albashin uwa. Tun tana da ciki ta sa sunanta a layi, sai da ta koma aiki ta sha wahalar 'yan aiki masu gudu kafin wuri ya samu. Sai dai akwai sharaɗi. In yaro ya daɗe bai zo ba, ba tare da takardar likita ba, a ba wani gurbinsa, tallafin ya bi gurbin, don masu jira suna da yawa.

Na ce, "To ai ba ciwo zai yi ba, yaye zan kai shi."

Ta ce, "Babu yaye a cikin dokar, Yaya."

Na ce, "Shi wanda ya rubuta dokar a ina aka yaye shi? A ofis?"

Ta yi murmushi. Ni kuwa, Allah Ya gani, daɗi na ji a raina. Na lissafa cewa in gurbi ya tafi ba su da inda za su kai shi, dole ya zauna a Rano. Dokar da aka yi don ta tsare shi a Abuja ita ce za ta ba ni shi.

Duk da haka na ce sai na ga wannan wuri da idona, gani ya kori ji. Jummai ta ce in zo da yamma mu taho tare, ta haɗa ni da wani mai tasi da suka saba. A hanya na ga Abujar da ake faɗa, tituna shimfiɗe, gine-gine suna tashi ko'ina, amma babu mutum ɗaya zaune a ƙofar gida, babu yaro yana wasa, babu wanda za ka ce wa ina wuni. Mai tasin ya sauke ni a ƙofar gidan renon. Wani dattijo mai gadi, daga maganarsa mutumin Filato ne, ya tare ni da ladabi.

"Mama, wa kana nema?"

Na ce jikana.

"Menene sunan shi?"

Na ce Abba. Ya ce Abba sun kai nawa a ciki, kuma su ba sa aiki da sunan gida, sai na gaskiya. Nan fa na tsaya. Na zauna da Malam tun ina yarinya har na rufe masa ido, bakina bai taɓa furta sunansa ba, ko a bayan idonsa. Yau kuma a bakin titi, gaban namijin da ban sani ba? Na ce masa sunan maigidana ne. Ya ce to menene sunan maigidan? Na ce ai matsalar ke nan. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Da na rasa mafita sai na ce, "Annabin nan da kifi ya haɗiye."

Fuskarsa ta washe. "Ah, Jona! Babu Jona a nan, Mama."

Muna cikin haka wata mata mai jiki ta fito tana goge hannu da zani. Ita ce shugabar masu renon, Anti Laraba suke ce mata, Bagwariya ce 'yar wajen Bwari. Da ta ji abin da ake ciki ta yi dariya har da dafa ƙofa, ta ce kakarta ma haka take. Sai ta juya ciki ta ƙwala kiran sunan, garau, ba ko sakayawa. Tun ranar jana'iza ban ji an kira sunan nan da ƙarfi ba, sai ga shi an kira, kuma ga mai shi ya taho da gudu yana tangaɗi.

Zan faɗi gaskiya a kan wurin, ko da yake na je ne da niyyar kushewa. Tsaf yake. Kowane yaro da kofinsa da 'yar katifarsa, ga na goye a gadaje masu shinge, ga Musulmi ga Kirista ana ba su abinci a cokali ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban so ba shi ne babu mai goyo. Yaro ya yi kuka sai a ɗauke shi a kafaɗa a yi ta zagaye, wai doka ta hana ɗaurewa a baya. Kuma barci ma da lokacinsa, ko kana ji ko ba ka ji. Na ce wa Anti Laraba a garinmu yaro a bayan mutum yake girma, yana jin ɗumin jiki. Ta ce, "Gaskiya ne Mama, amma baya na guda ɗaya ne, su kuma ka gan su." Kunun da suke ba su kuwa na gwangwani ne, fari sol ba ƙamshi. Na ce gobe zan zo in dama musu na gyaɗa su ji yadda ake yi. Ta ce tana so.

Da muka koma gida na sa aka kira Kabiru. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni ina ciki na ba shi gefe. Na ce na zo ɗaukar yaro kamar yadda aka saba, ga kuma abin da na ji game da gurbi. Ya ce, "Hajiya, ai ɗanki ne. Gurbin me? In kin ce ya tafi ya tafi, ko gobe ne." Na san har ransa ba haka yake so ba, amma ɗan mutunci ne, ba zai yi musu da uwar matarsa ba. Na juya ga Jummai na ce ke fa? Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Duk yadda kika ce, Yaya." Na ce shi ke nan, ranar Asabar za mu kama hanya.

A kwanakin da suka rage kullum sai na bi su da safe. Jummai ta hau sama wurin aikinta, ni in shiga ɗan kicin ɗin da ke bayan gidan renon in dama kunu, kafin azahar mai tasi ya mayar da ni. Yaran suka kama kunun nan kamar ba gobe, har wata 'yar Ibo mai kitso biyu take bina tana cewa "Kaka, kunu". Ranar Alhamis mai tasin bai zo ba, motarsa ta lalace. Na yi salla a kicin ɗin na zauna ina jira. Tsakanin kicin da ɗakin yara akwai taga mai raga, na ciki ba ya ganin na waje sosai.

Sai ga Jummai ta shigo da sauri. Ta ɗauka na tafi. Ta cire takalmanta masu tsini a bakin ƙofa, ta zube a ƙasa da kayan ofis ɗinta, yaron ya taho ya faɗa jikinta. Ban taɓa ganin 'yata haka ba. Ta cusa hancinta a wuyansa tana shinshina, ta ɗora shi a ƙafafunta tana lilo da shi, tana yi masa wata 'yar waƙa da ta ƙirƙira da bakinta, shi yana ƙyaƙyata dariya yana jan ɗankwalinta. Ta ba shi nono ya ɗan taɓa ya saki. Sannan ta kama ƙafarsa ta ɗora a tafin hannunta tana aunawa, ta daɗe tana kallo. Hawaye yana zuba, tana sharewa da gefen mayafi don kada ya gani.

Anti Laraba tana tsaye kusa da ni da kwano a hannu. Ta ce a hankali, "Kullum yana zuwa haka, ko abinci ba ya ci, nan yake ƙare hutun shi. Amma kuka ɗin, wannan sati ne ya fara."

Ni a lokacin ba a Abuja nake ba. Ina bayan rumbu a gidan Malam, ina yarinya ɗanya, safiyar da uwarsa ta zo daga Kibiya ɗaukar Jummai. Nan na ɓuya da ita don kada a ga ina riƙe da 'yar fari, kuma wallahi abin da na yi ke nan, na ɗora ƙafarta a tafina na auna. Da aka kira ni na fito ina dariya, na miƙa ta, aka ce mini ke fa, na ce duk yadda kuka ce. Aka yaba mini, aka ce mai kunya. Nonona ya kumbura na kwana biyu ina zazzaɓi, ban gaya wa kowa ba. Ba ta dawo hannuna ba sai da ta isa shiga makaranta, ta dawo tana ce mini Yaya, tana jin nauyina kamar baƙuwa. Har yau in muka zauna mu biyu zancenmu bai wuce na gaisuwa da farashin kayan miya ba. Tsohuwar ta riƙe ta da amana, Allah Ya jiƙanta, ban ce ta cuce ni ba. Haka aka yi mata, haka ta yi mini. Ni ma ga shi na taho tun daga Rano da gero da zakara zan yi wa tawa.

Na jira har ta koma sama, sannan na fita ta baya na nemi wata motar.

Abin da ya rage shi ne yadda zan janye ba tare da na tona ta ba. In na ce na gan ki, na kunyata ta. In na ce na tausaya miki, ta rantse ba komai. Da yamma bayan an ci abinci na ɗaure fuska na ce a kira mini Kabiru. Na ce na yi tunani, ni ba zan yi rigima da gwamnati ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tun da kun karɓi kuɗinsu sai ku bi dokarsu. Na ce ba za a ce ni ce na jawo aka kori jikana daga wurin da mutane suke layi a kansa ba. Na ƙara da cewa gwiwata ma ciwo take, ga sauron Rano ba shi da imani, kuma wannan miji naku mai ƙiwuya ne, ba zan iya da shi ba.

Kabiru ya ce, "Haba Hajiya, ai ba komai, in don gurbi ne..."

Na ce, "Na gama magana."

Jummai ta tashi ta kwashe kwanuka ta shiga kicin, na ji tana ta wanke tukunyar da na san tun la'asar aka wanke ta.

Yayen dai a can na yi shi. Ranar Juma'a na ba shi rubutun liman, aka yanka zakara na dafa aka kai gidan reno sadaka, har mai gadin ya samu cinya. Jummai ta koma kwana wurin maƙwabciyarta Bayarabiya, ni na karɓe shi. Da rana ya tafi wurin Anti Laraba, da yamma ya dawo bayana. In goya shi in fita bakin lungu, mu wuce mai gasa masara, mu tsaya wurin masu faci yana nuna mini tayoyi, kansa ya yi nauyi a tsakanin kafaɗuna har barci ya ɗauke shi. Bai wani sha wahala ba, da ma ya saba da kofi. Ni ce na yi ta fatan ya ƙara kwana yana rigima don in samu dalilin zama. Waɗannan 'yan kwanakin su ne rabona, kuma na gode wa Allah da su. Har yanzu in na sunkuya alwala sai in ji kamar zan tallafo wani abu a bayana.

Ranar da zan taho na ce a fara kai shi gidan reno, kada ya ga fitata. Na tsaya a ƙofa ina kallo Kabiru ya sa shi a mota da 'yar jakarsa, yana ɗaga mini hannu don ya ɗauka da yamma zai same ni. Jummai ta nemi izini a wurin aiki ta raka ni Zuba. Ta biya mota, ta saya mini burodi da lemo da doya, ta yi ta gyara mini kaya a but ba tare da sun buƙaci gyara ba. Da direba ya tayar da inji sai ta zo jikin taga ta rusuna.

Ta ce, "Yaya, na gode."

Na ce, "Da me?"

Ta ce, "Ba komai."

Na ce, "To ki riƙa cin abincin rana." Ta ɗago ta dube ni, na kau da kai na ce wa direba mu tafi mana, rana tana yi.

Ba mu yi nisa ba wata yarinya da ke kusa da ni, mai ɗa a hannu da kaya a cinya, ta ce, "Baba, don Allah riƙe mini shi in gyara zama." Na karɓa. Ta gyara, ta miƙo hannu, na ce bar shi, ai ya yi barci. Muka wuce Tafa yana jikina, muka wuce Kaduna, ya farka na ba shi lemo ya koma. Hannuna ya yi tsami ban sauya ba. A Zariya ta ce nan za ta sauka. Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙo hannu biyu tana murmushi, na ba ta abinta. Sau biyu ke nan a rana ɗaya ina mayar wa uwa da ɗanta.